Shin in rubuta musu cewa wariya suke nuna min?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai yara biyu. Na zo Ingila a 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi, na koma gidan kula da tsofaffin da nake aiki yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Kamfanin ne ke ɗaukar nauyin bizata, maigidana da yara kuma a ƙarƙashina suke. Abubuwa sun taru min. Aikin dare da na ƙarshen mako kusan kullum a kanmu yake faɗawa, ni da wasu 'yan Afirka biyu. Wata biyu da suka wuce aka ba wata Baturiya da ta zo bayana muƙamin babbar mai kulawa, ba a ma sanar da gurbin ba, kuma ƙawar manaja ce. Shugabar rukuninmu takan kwaikwayi Turancina a gaban mutane, sau biyu tana kiran hijabina tanti, da na ɓata rai ta ce wasa take. An ce in riƙa naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu. Na nemi hutun ranar Sallah kwana huɗu kafin ranar, aka hana ni. Ƙawata ta ce in rubuta takarda in sa kalmar "discrimination" in kai su kotu. Maigida ya ce in yi shiru kada mu rasa biza. Ni kuma ban tabbata abin da kalmar ta ƙunsa ba, ina tsoron in faɗe ta su ce na yi musu ƙazafi. Barci ma ya gagare ni.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Mai wanke tsofaffin wasu cikin dare, ta koma gida ta shirya yara makaranta, ba ta cancanci a mayar da ita abin dariya ba. Tambayarki kuma ta hankali ce, domin kalmar nan tana da nauyi a ofishin Bature fiye da yadda muke jin "wariya" a bakinmu.

A gida muna cewa an nuna mana wariya ko bambanci a kan kusan kome: uwa ta fifita ɗa ɗaya, shugaba ya ba ɗan garinsu, an raba abu an tsallake mu. Asalin kalmar Turancin daga Latin take, kuma ma'anarta ta farko rarrabewa ce kawai, shi ya sa "discriminate between" ke nufin tantance abu biyu, ba laifi a ciki. Wadda ta shafe ki ita ce "discriminate against", wato a cuce ki. Idan ta shiga takardar koke a wurin aiki, mai karantawa zai ɗauke ta da ma'anar da dokar daidaito ta 2010 ta ba ta, dokar da ke aiki a Ingila da Sikotilan da Wales. Tambayar da zai fara yi ita ce: saboda me? Dokar ta lissafa dalilai tara da ta hana a cuci mutum a kansu, daga ciki akwai shekaru, nakasa, jinsi, juna biyu da jego, aure, addini, da asali. Asali ya haɗa launin fata da ƙabila da ƙasar da mutum ya fito. Naki biyu ne, addini da asali. Duk abin da aka yi miki da ba za ki iya ɗaure shi da ɗayan biyun nan ba, yana iya zama rashin adalci ko son kai ko mugun hali, amma kotun ma'aikata ba za ta kira shi da wannan suna ba. Kuma kalmar aiki take nufi, abin da aka aikata. Ƙyamar da ke cikin zuciyar mutum ba a kai ta kotu sai ta fito fili.

Saboda haka kada ki zuba abubuwa biyar ɗin nan a kwano ɗaya. Ƙarfinsu ya bambanta, kuma in kin haɗa su, za su kama mai rauni su amsa shi, su yi kamar sun amsa duka.

Mafi ƙarfi a hannunki shi ne zancen tanti da kwaikwayon harshe. Dokar ta ware masa sashe na 26, na tsangwama: duk halin da ba ki so, wanda ya danganci addininki ko asalinki, da ya zubar miki da mutunci ko ya mayar da wurin aiki wurin wulaƙanci a gare ki. A nan ba sai kin nuna wata da aka yi wa sauƙi ba. "Wasa nake" kuma ba ya wanke ta, domin ana duba sakamakon abin ko da ba ta yi niyya ba. Abin da kotu ke aunawa shi ne yadda ke kika ji, da yanayin da abin ya faru, da ko mai hankali zai ga ya isa ya ɓata rai haka. Shugaba ce, a gaban jama'a ta yi, kuma ta maimaita. Hijabi addini ne, karin harshe kuwa asali ne. Kamfanin ma abin ya shafe shi, domin doka na ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, sai in ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don hana shi.

Zancen jadawali yana iya zama wariya ta kai tsaye, amma yanzu zato ne kike da shi, ba hujja ba. Ki mayar da shi lissafi. Ki ɗauko jadawalin mako goma sha biyu na baya, ki ja layi a takarda, ki rubuta sunan kowane ma'aikaci mai matsayi irin naki, ki ƙirga dare nawa da ƙarshen mako nawa kowa ya yi. Sannan ki buɗe kwantiraginki ki ga abin da kika sa wa hannu. Ga inda mutane ke faɗuwa: sau da yawa waɗanda aka ɗauki nauyin bizarsu cikakken lokaci suke yi, 'yan gari da yawa kuwa rabin lokaci ne da ranakun da aka yi yarjejeniya a kansu tun farko. In haka ne, manaja tana da amsa. Amma in akwai Baturiya mai kwantiragi irin naki sak, ita ta yi ƙarshen mako biyu ke kin yi tara, to kin samu abin kwatanci. A kotu, ba a ce sai kin tono abin da ke zuciyar manaja ba. In kin kawo hujjojin da za a iya fahimtar wariya daga gare su, sashe na 136 yana juya nauyin kan kamfani, shi zai nuna wani dalili. Sai dai kotunan ƙasar sun daɗe da cewa "ni baƙa ce, ita fara ce, an bambanta mu" kaɗai bai isa ba, sai da ƙarin wani abu. Ƙarin abin shi ne irin wannan lissafi, da maganganun da aka furta, da amsar da ke sauyawa yau daban gobe daban.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ki sani. A 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar wasu 'yan Najeriya mata biyu masu aikin gida da iyayen gidansu suka gallaza musu. Kotun ta yarda an zalunce su, amma ta ce an yi hakan ne saboda raunin matsayin bizarsu, kuma matsayin biza ba ya cikin dalilan da dokar ta lissafa. Don haka in kin rubuta cewa ana danne ku saboda an san biza ta ɗaure ku, kin faɗi gaskiya mai yiwuwa, amma kin kauce wa abin da dokar ke kamawa. Ki kafa maganarki a kan launi da ƙasar asali da addini, inda hujja ta kai ki.

Muƙamin da aka bayar ya fi wuya. Ba wa ƙawa matsayi son kai ne, kuma son kai shi kaɗai ba laifi ba ne a dokar nan, komin ɗacinsa. In da Baturen da ba abokin manaja ba ma an tsallake shi kamar yadda aka tsallake ki, to abota ce ta yi aiki. Abin da zai sauya hoton shi ne a ce duk muƙaman da aka bayar a gidan ta bayan fage ake ba da su, kuma ba a taɓa ba baƙar fata ba. Ki tambaya a rubuce, cikin ladabi: an sanar da gurbin, ina aka sanar, wane sharaɗi aka bi, su wa aka duba? Wataƙila tana da takardar shaidar mataki na uku ta aikin kulawa wadda ke ba ki da ita. In haka ne kin san abin da za ki nema. In kuwa suka kasa amsawa, rashin amsar ma hujja ce.

Hannun riga kuwa, ƙanwata, ba zan goya miki baya a kansa yadda kike so ba. Ƙa'idar da ta hau kan kowa amma ta fi ƙuntata wa masu wani addini ana kiranta wariya a kaikaice, kuma doka ta yarda da ita in akwai dalili na gaske kuma ba a wuce gona da iri ba. Hana yaɗuwar cuta dalili ne mai ƙarfi a wurin da ake canza wa tsofaffi ƙunzugu, ake wanke gyambo. A 2013 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta duba ƙararraki a tare: ma'aikaciyar kamfanin jirgin sama da aka hana sa sarƙar gicciye ta yi nasara, ma'aikaciyar jinya da aka hana irin wannan a asibiti ta faɗi, saboda dalilin lafiya da tsaro. Abin da za ki nema sassauci ne. Ƙa'idar tufafi ta hukumar lafiya ta Ingila ta yarda a sa dogon hannu lokacin da ba a taɓa majinyaci, ta kuma yarda da safar hannu doguwa ta yarwa, mai roba a wuyan hannu da gwiwar hannu, wadda ake cirewa a jefar kamar yadda ake yi wa safar tafi. Ki roƙi hakan a rubuce. Kuɗinta kaɗan ne, da wuya su sami dalilin ƙi.

Hutun Sallah ma ki cire shi daga koke. Babu dokar da ta tilasta a ba da hutun ranar addini, kuma kwana huɗu ya yi kaɗan a gidan da dole a samu adadin ma'aikata kowace rana. Matsalarmu ganin wata ne. Ki nemi kwana biyun da Sallah za ta iya faɗawa tun wata biyu kafin lokaci, ki ce za ki mayar da ɗaya, ki kuma yi tayin riƙe musu ranar Kirsimeti. Manajoji na neman mai wannan tayin ruwa a jallo.

Yanzu maigida. Kada ki ɗauki tsoronsa ragwanta. In kamfani ya daina ɗaukar nauyinki, zai sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma yawanci takan rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya rage in bai kai haka ba, kuma ta mijinki da ta yara suna bin taki. Mutumin da ya bar gida ya biyo ki da 'ya'yansa yana da haƙƙin a zauna da shi a yi lissafi. Inda nake ganin ya kuskure shi ne ɗaukar shiru a matsayin garkuwa. Ba ki kai shekara biyu a kamfanin ba, kuma ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba ta gama-gari tana da sharaɗin daɗewa a aiki. Ƙarar wariya ba ta da wannan sharaɗi, daga ranar farko take kare ki. Sannan sashe na 27 ya hana a rama a kanki saboda kin yi koken wariya: rage miki awanni, ƙirƙiro miki laifi, ko kora. Wannan kariya tana nan ko da a ƙarshe an ga kokenki bai tabbata ba, muddin da zuciya ɗaya kika yi shi. Wanda ya rasa ta shi ne wanda ya shirga ƙarya da mugun nufi. To ga amsar tsoronki na ƙazafi. Amma kariyar tana samuwa ne in kokenki ya nuna a fili cewa batun addini ko asali kike yi. Takardar da ta ce "ba a yi min adalci" kawai, ba ta ambaci dalili ba, tana iya barin ki a fili. Doka ba ta hana mugu yin mugunta, ta ba ki abin kamawa ne in ya yi, shi ya sa zan ce ki fara duba wasu gidajen masu lasisin ɗaukar nauyi tun yanzu, a hankali, ba tare da sanarwa ba.

Ƙawarki ma ta yi gaskiya rabi. A sa kalmar, amma kotu ba ita ce ƙofar farko ba. Shari'a takan ja watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, ke kuma kina shiga gidan kowace safiya.

Ga yadda zan so ki bi. Yau ɗin nan ki sayi ɗan littafi, ko ki riƙa tura wa kanki imel ta adireshinki na kanki ba na aiki ba, ki rubuta kowane abu: rana, lokaci, wuri, kalmomin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe su, da waɗanda ke wurin. Ki ɗauki hoton jadawali, amma kada ki kuskura ki ɗauki wani abu mai sunan tsofaffin da kuke kula da su ko bayanin lafiyarsu, wannan kaɗai ya isa a kore ki da hujja. Kada kuma ki naɗi muryar kowa a ɓoye, kamfanoni da yawa laifi suke ɗaukarsa. Ki nemi kundin ƙa'idojin ma'aikata ki karanta sashen koke. Ki je wurin likitanki ki gaya masa barci ya gagare ki saboda aiki, don lafiyarki da farko, kuma rubutunsa shaida ne.

In kina jin za ki iya, ki fara samun manaja ku biyu, ki gaya mata maganar tanti da kwaikwayo, ki ce kina so a daina. Mai yiwuwa ba ta sani ba, mai yiwuwa ta sani tana jiran wani ya yi magana. Bayan kun rabu ki tura mata gajeren imel: na gode da ganawarmu ta yau, ga abin da na faɗa, ga abin da kika ce za a yi. In mako biyu ya wuce ba sauyi, ko kuma kin ga ita ce tushen abin, sai takardar koke ta hukuma zuwa ga na sama da ita.

Takardar kada ta wuce shafi biyu. Abin da ya faru ya zo farko, da kwanan wata, ba zagi, ba "kullum" ba "kowa ya sani". Kalmar ta biyo baya, a jimla ɗaya ko biyu, kuma ki ɗaure ta da dalili ta hanyar "because of", wato "saboda": kin yi imani wannan tsangwama ce da wariya saboda addininki da asalinki, a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010. Ki ce "na yi imani", kada ki ce wance mai wariyar launin fata ce. Na farkon bayanin abin da aka yi miki ne, na biyun hukunci ne a kan halin mutum, kuma shi ke sa a bar batunki a koma kare kai. Ki rufe da abin da kike so: a daina maganganun, a sake duba rabon dare da ƙarshen mako, a riƙa sanar da gurabe. Za su kira ki zama. Kina da haƙƙin zuwa da abokiyar aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, ba miji ko ƙawa daga waje ba sai in sun yarda. In amsarsu ba ta gamsar da ke ba, ki ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Kotu na iya ƙara diyya ko rage ta har kashi 25 cikin ɗari idan wani ɓangare ya yi watsi da wannan tsari ba dalili.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne "wata biyu da suka wuce". Wa'adin ƙarar wariya gajere ne: ki yi lissafi da wata uku a cire kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru. In an sanar da muƙamin ranar 10 ga Maris, ranarki ta ƙarshe 9 ga Yuni ce. Koken cikin gida ba ya tsayar da wannan agogo, kuma nan ne mutane da yawa ke rasa haƙƙinsu, suna jiran amsar kamfani har wa'adi ya shige. Abin da ke tsayar da shi shi ne sanar da Acas, hukumar sasanta rikicin aiki, wanda dole ne kafin a je kotun ma'aikata. Kyauta ne, ana cike fom ta intanet, kuma sanar da su bai tilasta miki shigar da ƙara ba. Kina iya gaya musu kada su tuntuɓi kamfanin sai kin amince. Ita kanta kotun ba a biyan kuɗin shigar da ƙara tun 2017. Game da maganganun shugabar rukuni, in abu ne mai ci gaba ana iya lissafawa daga na ƙarshe, amma muƙamin rana ɗaya aka bayar da shi, don haka kina da kusan wata ɗaya a kansa.

Cikin makon nan ki kira layin Acas ki karanta musu kwanakin da ke littafinki, su tabbatar miki da wa'adin kowanne. Ofishin Citizens Advice na garinku, masu ba jama'a shawara, ma yana duba irin wannan takarda kyauta. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago irin su Unison ko GMB, duk da cewa sau da yawa ba sa ɗaukar shari'ar abin da ya faru kafin mutum ya shiga, za su tsaya miki a na gaba. Tambayar biza kuwa ki kai ta wurin lauya ko mai ba da shawara mai rajista, kada ki dogara da zaurukan WhatsApp. Duk zafin da za ki ji, kada ki ajiye aiki sai sabuwar takardar ɗaukar nauyi ta shigo hannunki kuma an amince da sauyin bizar. Ki zaunar da maigida ki nuna masa lissafin jadawalin da daftarin takardar kafin ki tura, ku yanke ranar tare. Allah ya ba ki mafita.